Ɗauka ta Goma Sha Ɗaya

Ɗakinmu yana bayan kasuwar Wad Madani,
tsakanin mai gyaran fanka da mai dafa ful.
Mun lulluɓe bango da kwalin ƙwai da tsohuwar katifa
don kada kukan raksha ya shigo cikin waƙa.
Yana shigowa duk da haka.

Ikhlas takan zo bayan la'asar
da warin asibiti a mayafinta,
don da rana ita ke rubuta sunan marasa lafiya
a wani littafi mai faɗin faranti.
Ta tuɓe takalmi, ta kurɓi ruwan citta,
ta ɗaga mini yatsa ta cikin gilashi.
Ni ne mai murɗa maɓallai.

Babikir, wanda ya zuba kuɗin faifan,
yana kan kujerar roba yana kaɗa ƙafa:
"Ƙara mata kuka, jama'a kuka suke saye."
Sai in murɗa, muryar ta koma
kamar ta mai kira daga ƙasan rijiya.

Waƙar ta wani ce da ya hau jirgin ƙasa zuwa Bur Sudan,
ya ce kwana bakwai, aka yi girbin auduga uku.
Wani malamin lissafi ya rubuta ta a bayan takardar jarrabawa.
Ikhlas ta ce ita ko kaza ba ta taɓa rakawa tasha ba.

Sau goma ta rera.
Sau goma sumul, ba gargada, kamar zare a allura.
Babikir ya ce miya ta yi kyau, gishiri ne babu.
Sai wuta ta ɗauke.
Muka zauna cikin duhu muna jin zufar juna,
janareta ya yi tari biyu ya ƙi.
Wayarta ta haska. Ta duba.
Ta kife ta a cinya, ba ta ce uffan ba.

Da wuta ta dawo na ce ko mu bari sai gobe.
Ta ce a'a, kunna.
A baiti na biyu, daidai kalmar nan, gobe,
muryar ta tsage,
ta haɗiye wani abu mai girman ƙwallon dabino,
rabin numfashi,
ta ci gaba.

"Share wannan, don Allah," in ji ta.
Babikir ya miƙe tsaye: "Shi ke nan! Wannan muke nema!"
Yatsana yana kan maɓallin sharewa.
Kuɗin haya na wata biyu yana aljihun Babikir.
Na janye yatsa.

Yanzu ko ina ka juya ita ce:
a raksha, a shagon aski,
wurin Sittana mai shayi a gindin dogonyaro bakin kogi,
inda direbobin riɗi ke cewa a maimaita musu wurin nan.
Har a biki na ga ana taka ta da kafaɗa.
Suna cewa, kai, yarinyar nan ta iya!
'Yan mata na koyon tsagewar a gaban madubi,
suna haɗiye iska.

In waƙar ta tashi a cikin bas
Ikhlas takan ƙwanƙwasa ƙarfe ta sauka tun ba a kai ba,
ta ƙarasa da ƙafa cikin rana.
Muna gaisawa. Mukan yi zancen tsadar sukari.
Ban tambayi abin da ke cikin wayar ba,
ita ma ba ta tambayi yatsana ba.

Sauran goman suna nan, ban share ko ɗaya ba.
In dare ya raba, mai ful ya kife tukunya,
nakan kunna ta huɗu,
wadda babu mai saye,
in ji ta tana rera baƙin cikin wani
cikin kwanciyar hankali,
saura minti arba'in nata ya iso.